Bikon Abdulganiyyu Mai Fiyano

Ku gyara zama, yau a kan Abdulganiyyu za mu sauka, kuma ba zan rage masa komai ba.

In ka taɓa zama a Haɗejiya ka san shi. In ma ba ka san shi ba ka ji shi, domin muryarsa tana riga shi isa wuri. Makaɗin fiyano ne, yana da wani ɗan ɗaki a zauren gidan haya da ya liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai ya ce situdiyo ne. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, daga baya ya ƙara wa kansa Dakta, ba wanda ya taya shi. A bakinsa, mawaƙan Kano layi suke yi don su gan shi, shi ne yake ce musu ba shi da lokaci. Alhali duk unguwa an san dawar garin. Fiyanon nan irin babban nan ne mai kiɗa da kansa. Maɓalli ɗaya zai danna, ganga da kalangu da algaita su ɓarke, shi kuma ya ɗora yatsa guda yana lumshe ido yana kaɗa kai kamar wanda ake yi wa susa a baya.

Matarsa Gumsu 'yar masunta ce daga wani ƙauye bayan Kirikasamma, mace mai haƙuri, amma haƙurin nata ba ya mantuwa. Daminar da ruwa ya yi ƙarfi, jinga ta ɓalle da hantsi, kafin a ankara ruwa ya cika musu tsakar gida. Gumsu ta haye kan turmi ta tsaya. Ba don tana tsoro ba, a kogi ta yi wayo. So take ta ga wa maigidan zai fara ɗauka.

Sai ga shi ya fito daga zaure da fiyano a ka.

Ta ce, "Malam, ni fa?"

Ya ce, "Haba Gumsu, ke kina da ƙafa, shi ba shi da ita. Tsaya nan, yanzu zan dawo in ɗauke ki."

Bai yi nisa da ƙofar gida ba ya zurma cikin kwata, shi da fiyanon suka nutse tare. Da aka tsamo su, a bakin titi ya zauna ya rungume shi yana matse masa ruwa da bakin riga, ya manta shaf da wata mai tsayuwa a kan turmi. Gumsu ta jira har ƙafarta ta yi tsami. Sannan ta sauko, ta ratsa ruwa har tasha, ta hau mota sai gidan ubanta.

Gida ya yi wa Abdulganiyyu faɗi. A waje yana cewa hutu ya ba ta, a ciki kuwa ko tuwo ya sa a baki sai ya ji kamar ƙasa. Yana son matarsa, wannan kam ba zan yi masa sharri ba. Da ruwa ya ja, ya aika fiyano Kano wurin wani mai gyara wai shi Tasi'u, ya saka babbar riga ya tafi biko.

Surukinsa Baba Kolo gajere ne, mai tumbi, mai jiragen kamun kifi da komaye ba iyaka. Kwanan nan ya kayar da abokin takararsa Shu'ibu, an ba shi sarautar Sarkin Ruwan ƙauyen, naɗi kawai ake jira. Abu ɗaya ne game da shi: ba a taɓa ganinsa cikin ruwa ba. Daga tudu yake ba da umarni da sanda. In an tambaya sai ya ce alƙawari ne tsakanin kakanninsa da kogi, ranar da jikinsa ya taɓa ruwan nan duk kifin zai tattara ya koma Tafkin Chadi. Wa zai so a gwada?

Baba Kolo ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "An ce kai Dakta ne."

"Har da Injiniya, Baba."

"To madalla. Ranar naɗina ina son waƙa, wadda za a yi zancenta har Birniwa. In ta yi daɗi, ka ɗauki matarka a ranar. In ba ta yi ba, ka manta hanyar gidan nan."

Abdulganiyyu ya bugi ƙirji har sai da ya yi tari. "Baba, waƙar da zan yi maka, kifi da kansa zai fito ya yi rawa."

Daga bayan zana aka ji muryar Gumsu. "Baba, tambaye shi ina fiyanon."

"Yana Kano ana ƙara masa ƙarfi," in ji shi, bai ko ƙifta ido ba.

To, sai mu koma kan Tasi'u, Allah ya raba mu da irinsa. Kiran farko ya ce ai ƙaramin aiki ne, jibi an gama. Da jibi ta zo ya ce wani ɗan ƙarfe ne ya ƙone, sai an kawo daga Legas. Sati ya bi sati. Wanda zai kawo ƙarfen ya yi aure. Da ya gama angwanci ya kawo, ashe na rediyo ne. Aka sake aikawa, motar ta lalace a hanya. Rannan Abdulganiyyu ya matsa sai an nuna masa halin da ake ciki, Tasi'u ya turo masa hoto a waya. Ga fiyano nan an farke cikinsa, hanjinsa a waje, a kansa an ɗora farantin gurasa da kofin shayi.

"Tasi'u, teburin cin abinci ka mai da min shi?"

"Ranka ya daɗe, danne shi muka yi don gam ya kama."

"Yaushe zan karɓa?"

"Gobe in sha Allahu. In goben ba ta yiwu ba, wata goben."

Naɗi yana matsowa, fiyanon Abdulganiyyu bai dawo ba. Amma kun san shi, in tsoro ya kama shi bakinsa ne yake ƙara girma. Ya fito ƙofar gida ya sanar wa duniya cewa ya bar fiyano har abada, ai kayan tsofaffi ne, yanzu manya da kwamfuta suke kiɗa.

Maƙwabciyarsa Uwa, wata dattijuwa mai suyar kifi a ƙofar gidanta, ta ce, "Kai ka bar shi, ko shi ya bar ka?"

"Uwa, ke sha'anin mai da tarwaɗa kika sani. Ki bar wa masu ilimi nasu."

Ɗan Uwa, Haris, yana da shago a bakin kasuwar kifi inda yake tura wa mutane finafinai a waya. Wurinsa Abdulganiyyu ya aro wata tsohuwar kwamfuta. Haris ya ce akwai manhajar haɗa kiɗa a ciki, a haka ya same ta, shi bai taɓa ko buɗewa ba, kuma don Allah a dawo masa da ita lafiya.

"Kada ka damu. Irin wannan ni nake koya wa masu ƙera ta."

Ya buɗe manhaja, ya ga layuka da akwatuna da Turanci birjik, babu ko maɓalli ɗaya da ya yi kama da nasa na da. Ya danna nan ya danna can. Can wani kiɗa ya ɓarke da gudu kamar ana zazzaga tsakuwa a kan kwanon rufi. Awakin unguwa suka tsinke igiya. Jaririyar gidan baya ta tsala ihu. Ya fito yana share gumi ya ce wa masu leƙe wannan salon Turai ne, kunnensu ne bai kai ba.

Ya zo kan murya. Ya gano wani wuri da ake murɗawa murya ta yi zaƙi irin na waƙoƙin zamani. Ya murɗa dama har ƙarshe, muryarsa ta fito siririya kamar ta sauro. Ya murɗa hagu har ƙarshe, ta fito da wani gurnani da ya sa ƙofar zaure rawa. Uwa ta jefar da matsami ta ruga ta kira malamin unguwa, ta ce mutanen ɓoye sun shige Abdulganiyyu tun da matarsa ta tafi. Malam ya zo da ruwan tofi ya yaye labule ya fesa, rabi a fuskar Dakta, rabi a kan kwamfutar Haris.

"Malam, aiki nake yi!"

"Haka dukansu suke cewa," in ji malam, ya ƙara fesawa.

Sannan ga kwaɗi. Ruwan ambaliya ya bar kududdufi a bayan zauren, kwaɗin cikinsa kuwa ba su san rana ba, ba su san inuwa ba. Da ya buɗe baki zai rera sai su amsa. Ya fita ya jefe su, suka yi shiru, ya dawo ya ɗauki makirfo, suka ɗora daga inda suka tsaya. Ya lulluɓa da bargo biyu da tsakar rana don ya toshe su, zafi ya kusa sumar da shi, ya rarrafo waje yana haki.

Daga nan wata dabara ta zo masa. Ya ce manyan mawaƙa a cikin wuri mai amsa-kuwa suke rerawa. Ya aro randar Uwa, ya jefa makirfo ciki, ya cusa kansa ya bi shi. Murya kam ta yi daɗi. Da ya zo fitowa kunnuwa suka ce ba su san zancen ba. Ya fito ƙofar gida a duƙe da randa a ka yana laluben hanya, yana magana ba a jin komai sai gunji. Unguwa ta taru. Wani ya ce a shafa man gyaɗa, wani ya ce a ja ƙafa. Uwa ta ce kowa ya matsa, ta ɗauko taɓarya.

Daga cikin randa aka ji, "Uwa, a hankali, akwai kai a ciki!"

Ta ce, "Da akwai, da bai shiga ba."

Ta sauke taɓarya, randa ta tarwatse. Abdulganiyyu ya miƙe da bakin randar a wuya, ya dubi jama'a ya ce gwaji ne, kuma ya yi nasara.

Naɗi ya rage kwana kaɗan, ba shi da ko baiti ɗaya. Ya kira Tasi'u, aka ce ya tafi ta'aziyya. Ya zauna ya yi tagumi. A nan ne ya tuna da wani memori da ya ɓoye a cikin tsohuwar hula.

Ga abin da ke cikinsa, ku kun ji, Baba Kolo bai ji ba. Lokacin da ake takarar sarauta, Shu'ibu ya lallaɓo Haɗejiya a ɓoye ya sa Abdulganiyyu ya yi masa waƙa, tun fiyano yana da rai. Kun san waƙar sarauta ba ta cika sai an yabi gwani an kuma yi wa abokin hamayyarsa zambo. Abdulganiyyu ya yabi Shu'ibu, ya juya ya yi wa surukinsa zambo har da gishiri. Da Shu'ibu ya faɗi takara, waƙar ta kwanta, ba wanda ya taɓa jin ta.

Ya loda ta a kwamfuta, ta fito a fuskar gilashin doguwa kamar igiya. Da ƙyar da jiɓin goshi ya gano yadda ake yanka ta. Shi ke nan, duniya sabuwa! Duk inda aka ce Shu'ibu sai ya yanke, ya ɗauki makirfo ya ce Kolo, ya liƙa a gurbin. Ya datse baitin zambo gaba ɗaya, da surutun da suka yi bayan waƙar ranar da aka manta makirfo a kunne.

Saura yadda za a zubar da abin da aka yanke. Ya taɓa danna wani maɓalli aikin yini guda ya ɓace, tun ranar ya rantse ba ya ƙara taɓa abin da bai sani ba. Amma ya lura in ya kama guntu da linzamin kwamfuta ya ja shi dama, ya yi ta ja, sai ya wuce bakin gilashi ya daina ganinsa. Haka ya yi ta yi. Ya ja Shu'ibu ya tura, ya ja wani Shu'ibun ya tura, ya tura zambo, ya tura surutu, har da gwaje-gwajen muryar da ya ɗauka a baya.

Uwa ta shigo yi masa mitar randarta ta same shi yana ta ja. "Me kake yi kuma?"

"Shara nake turawa daji."

"Wane dajin?"

"Can bayan gilashi. Kina ganinta? To ta tafi."

"Ni dai in na tura shara bayan ƙofa, tana nan a bayan ƙofa."

"Shi ya sa kike suyar kifi, ni nake Dakta."

Ya kunna ya saurara. Waƙa ta tafi sumul. Tana kaiwa ƙarshe ya buga babban maɓallin da ke tsayar da ita, ya yi tsalle yana yi wa kansa kirari. Kullum haka yake yi, bai taɓa barin ta ta wuce nan ba, saboda hannunsa ba ya iya jiran tafi.

Ranar naɗi bakin kogi ya cika. Masunta sun zo daga ko'ina, mata sun yi kwalliya, ƙamshin gasasshen karfasa ya cika wuri. An shimfiɗa wa Baba Kolo darduma a tudu, nesa da ruwa kamar kullum, an naɗa masa rawani ya zauna ya cika kujera. Shu'ibu ma ya zo, dogo siriri, ya zauna a gefe fuska ba yabo ba fallasa. Uwa da Haris sun biyo motar 'yan kifi, ita don kallo, shi don kwamfutarsa. Gumsu tana cikin mata, ta ɗaure ƙullin kayanta ta ajiye kusa da ita. Da Abdulganiyyu ya hango ƙullin nan sai da ƙwalla ta cika masa ido don murna.

Aka ce ya kafa kayansa a ƙarƙashin rumfa. Ya ce Allah ya kiyaye, waƙar Sarkin Ruwa a kan ruwa ake sakinta, sauti ya fi tafiya. Ya sa aka loda janareta da manyan lasifikoki da kwamfuta a cikin wani babban kwale-kwale. Wani masunci ya zo zai ɗaure jirgin, ya karɓe igiyar ya ce shi ya san wani ɗauri da ake yi a jiragen teku. Ya naɗa ta a jikin turke ya yi mata wani ƙulli mai kyan gani.

Ya danna maɓalli, kiɗa ya tashi. Kai, fiyanon nan Allah ya ba shi lafiya, ya yi aiki a zamaninsa! Wuri ya ɗauka. Sai dai duk inda sunan Kolo ya zo, muryar takan canja, kuma akwai kwaɗo ɗaya da yake amsawa a bayanta. Mutane suka ɗauka salo ne, har yara suka fara amsawa tare da kwaɗon. Da aka zo inda waƙa ke cewa dogo ɗan dogo, Kolo mai kai wa reshe hannu, wasu suka dubi Baba Kolo suka dubi juna.

Abdulganiyyu ya daka tsawa daga cikin jirgi, "Tsawon daraja ake nufi!"

Aka yi shewa. Baba Kolo ya yi murmushi har gefen rawaninsa ya motsa, ya ɗaga sanda ya yafito surukinsa. Abdulganiyyu ya yi tsalle ya dira tudu, ya bar kwamfuta tana aikinta. Tsallen nan ne ya tura jirgin baya. Ƙullin jiragen teku ya warware salin-alin, ba wanda ya lura, kowa yana rawa.

Waƙa ta ƙare. Abdulganiyyu yana durƙushe gaban Baba Kolo.

Baba Kolo ya ce, "Ka cika alƙawari. Gumsu, ɗauko kayanki." Ya juya ga liman ya ce a rufe da addu'a.

Liman ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga. Ya buɗe baki ke nan, sai daga tsakiyar kogi aka ji lasifika ta ce:

"Shu'ibu!"

Liman ya buɗe ido ɗaya.

"Shu'ibu! Shu'ibu! Shu'ibu-Shu'ibu-Shu'ibu! Shu'iiibu!"

Shu'ibu ya miƙe tsaye ya ce, "Na'am?"

Abdulganiyyu ya waiga. Jirgi ya yi nisa, ya je ya maƙale a cikin ciyawar kacala, janareta yana ta aiki abinsa. Dajin da ya yi ta tura shara ashe a ƙarshen waƙa yake, kwamfuta kuwa ba wanda ya tsayar da ita, ta ci gaba da tafiya har ta iso shi. Uwa ta dafa kafaɗar Haris ta ce, "Ga bayan ƙofa nan."

Sai kiɗa ya dawo, da muryar Abdulganiyyu tangaran, har da karairaya:

"Wani mai son sarautar ruwa,
A tudu yake ba da umarni,
Kwaɗo ya fi shi sanin kogi,
Ko a baho sai an riƙe shi."

Ba wanda ya sauke hannun addu'a, an manta da su a sama. Idanu duka suka koma kan darduma.

Abdulganiyyu ya ce, "Baba, ba kai ba ne. Wani ne, a can wajen Malam Madori."

Kiɗa ya tsaya. Aka ji ƙarar kujera, aka ji muryar Shu'ibu a lasifika yana dariya. "Kai Dakta, da gaske Kolo bai iya ruwa ba?"

Muryar Abdulganiyyu ta amsa, "Wallahi ko iyon kare bai iya ba. Alƙawarin kakanni ƙarya ce, tun yana yaro goran kamun kifi ya kife da shi, bai sake shiga ba. Gumsu ce ta gaya min, ta ce kada in gaya wa kowa."

Innalillahi! Gumsu ta ajiye ƙullin kayanta a ƙasa a hankali.

"Baba, wasa ne! Ai ni Bafulatani ne, kai Babarbare, ka san wasan da ke tsakaninmu!"

"Na san shi," in ji Baba Kolo. "Ban san shi tsakanin suruki da suruki ba."

Shu'ibu kuwa ya samu abin da ya rasa a takara. Ya gyara riga ya ce da ƙarfi, "Jama'a, sharri ake yi wa Sarki! Ranka ya daɗe, ga jirgi can. Shiga ka kamo shi ka kashe abin nan, ka kunyata maƙiya."

Masunta cike da wuri, kowannensu zai iya kamo jirgin nan da hannu ɗaya. Ba wanda ya motsa. Lasifika kuwa ta shiga sabuwar shara, muryar sauro tana waƙa, gurnani yana amsawa, sannan gunjin cikin randa da Dakta yana roƙon Uwa ta yi a hankali. Wata mata ta fara ƙyaƙyatawa, ta toshe baki, ta kasa. Wuri ya ɓarke da dariya har liman ya juya baya kafaɗunsa suna rawa.

Baba Kolo ya zabura da sanda. Abdulganiyyu ya duba dama mutane, hagu mutane, ya tattare babbar riga ya afka kogi yana ihun shi zai kashe ta. Baba Kolo ya bi shi a guje, rawani yana warwarewa, har ya iso bakin ruwa. A nan ya ja birki. Ya tsaya cak, yatsun ƙafarsa a kan busasshiyar ƙasa, yana kaɗa sanda daga tudu yadda ya saba. Duk wanda yake da sauran shakka, a nan ta fita.

Shi kuwa Dakta, a guje ya manta cewa shi ma iyakar saninsa da ruwa kwatar ƙofar gidansu. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, laka ta cafke masa takalmi. Ya laluba ya samu wani kututture da masunta ke ɗaure koma, ya haye kansa ya tsaya yana rawar ɗari, babbar riga ta manne masa a jiki. Gaba zurfi, baya sanda.

Sai aka ga Gumsu ta ɗaure zaninta tamau ta shiga ruwa. Ta yanka kogin nan ba ko fantsama. Abdulganiyyu ya ga tana nufo shi, zuciyarsa ta yi sanyi, ya miƙa hannu biyu.

"Allah ya yi miki albarka, Gumsu! Na san ba za ki bar ni ba."

Ta wuce shi. Ta isa jirgi ta haye, ta kashe janareta, duniya ta yi shiru. Ta rufe kwamfutar Haris, ta naɗe ta a ɗankwalinta, ta ɗora a ka ta dawo, hannu ɗaya yana riƙe da ita, ɗaya yana ja mata ruwa. Ta sake zuwa daidai kututturen.

Ya ce da ƙaramar murya, "Gumsu, ni fa?"

Ta tsaya ta dube shi, idonta jajur.

"Haba Malam, kai kana da ƙafa, ita ba ta da ita. Tsaya nan, yanzu zan dawo in ɗauke ka."

Ta fita ta miƙa wa Haris kayansa. Ta tsince rawanin ubanta daga ƙasa ta karkaɗe, ta ɗauki ƙullinta, ta kama hannun tsohon suka nufi gida. Ba ta waiwayo ba.

Jama'a suka watse da kaɗan-kaɗan, kowa da abin ba da labari. Har aka kira la'asar Abdulganiyyu yana kan kututture, yana kallon hanyar da ta bi. Wani masunci ya zo wucewa a kwale-kwale ya ce ya shigo ya fitar da shi.

Ya ce, "A'a, je ka abinka. Ta ce za ta dawo."

Nan na baro shi, ni ma ban tsaya jira ba.